Yadda za ki yi zane a bangon ɗakin yaronki a nan Legas

Tun da na yi wa autana zane a bangon ɗakinsu a nan Agege, duk wadda ta shigo sai ta ce anti wa ya yi miki wannan, nawa kika biya, alhali ni da ƙanwata muka yi a kwana uku. Zanen ba shi ne wahalar ba wallahi, bangon ne.

Kafin ki sayi ko buroshi ɗaya ki yi magana da mai gida in haya kuke. Sai ki duba danshi, don kin san garin nan da laima, gidaje da yawa za ki ga fenti na kumbura yana ɓarewa daga ƙasa. Ki manna farar leda a bangon da salatif ta ko'ina ki bar ta kwana ɗaya, in kika ɗaga kika ga raɓa a ciki to bangon na shan ruwa, sai an gyara tukun, in ba haka ba zanenki ba zai ga damina biyu ba. Shi ya sa ma na fi son a yi aikin nan a Disamba ko Janairu lokacin hunturu, fenti ya fi saurin bushewa, saɓanin Yuni da iskar ma kanta a jiƙe take.

Fenti kuma don Allah mai ruwa za ki saya, wanda masu shago ke kira imalshan, ko akrilik na ƙananan kwalabe, kar ki kai mai mai ɗakin yaro, warinsa na daɗewa. In kuma tsohon fentin mai ne a bangon kar ki goge shi da sanfefa a bushe, wasu tsofaffin suna da dalma a ciki, ƙurarta na cutar da ƙwaƙwalwar yara, wannan ba abin wasa ba ne. Ki samu ja, shuɗi, rawaya, fari da baƙi sun isa, shuɗi da rawaya su ba ki kore, ja da rawaya su ba ki ruwan lemo.

Me za ki zana? Mu a gidanmu ba ma zana abu mai rai, sai na yi masa danfo, motar hayar nan ta Legas, rawaya da layukanta baƙaƙe, don shi yaron nan in ya ga danfo har tsalle yake, a gefe bishiyar kuka saboda kar ya manta gida, sama kuma wata da taurari. Ki durƙusa ki kalli bangon daga tsayinsa, danfon nan da na sa ƙasa ƙasa ita ce yake zuwa yana shafa tayarta kullum da safe.

In ba ki iya zane ba ga dabara, ki zana a takarda ki raba ta gida gida kamar dara, sai ki ja irin gidajen a bango da alli amma manya, ki riƙa kwafe abin da ke kowane gida ɗaya bayan ɗaya. Ki fara da manyan wurare kamar sararin sama, ki shafa da rola, ki bari ya bushe awa uku ko huɗu kafin shafa ta biyu, ƙananan abubuwa su biyo baya, baƙin layi na gefe shi ne ƙarshe kuma da siririn buroshi. Ki shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa.

Mun bar kusurwa ɗaya ya dangwala tafin hannunsa da shuɗi, na rubuta shekarunsa a ƙasa, na wanke masa hannun nan take. Bayan an gama ki buɗe taga ki kunna fanka, yaron ya kwana a ɗakinku kwana biyu ko uku sai warin ya fita gaba ɗaya sannan ki maida gadonsa.