Kurakuran da na gaji da gani a ƙofar asibiti a Makka

Shekara goma sha huɗu ke nan ina raka matan unguwarmu asibiti a nan Makka, saboda Larabcina ya ɗan fi nasu, kuma ba na jin nauyin yi wa likita tambaya. Da yaro ya kwanta, ko ƙarfe biyun dare ne, ƙofata ake bugawa. Abin da ya ishe ni shi ne, kuskuren da na gani bara shi nake gani bana, uwar ce kawai take canjawa.

Bari in fara da nawa. Lokacin autana yana da shekara biyu da 'yan watanni. Maƙwabciyata ta sam mini ruwan wanke banɗaki, mai ƙarfin nan mai asid, na zuba a gorar ruwa na ajiye bayan ƙofa, da niyyar in ɗauke bayan la'asar. Kun san gidajenmu a garin nan, ko'ina gora, ko'ina jarkar Zamzam. Yaro ya tashi da sanin duk abin da ke cikin gora na sha ne, har albarka gare shi. Ihunsa kawai na ji. Sai na yi abin da na ga iyayenmu suna yi can gida: na ɗura masa manja, na zura masa yatsa a maƙogwaro. Ya yi amai kuwa, ni har da hamdala.

A sashen gaggawa likitar ta tambaye ni ko ya yi amai, na ce ai ni na sa shi. Kallon da ta yi mini ba zan manta ba. Ashe ruwan ya ƙona masa hanyar abinci da zai sauka, ni kuma na sa ya sake ƙona ta da zai fito. Manjan ma, da ya shaƙe shi zuwa huhu, da wata masifar ce daban. Kwananmu goma sha ɗaya a kwance. Bayan sallama wurin ya tsuke, yaron da ke damƙar shinkafa da hannu biyu ya koma kunu tatacce da madara, muna ta zarya ana buɗa masa hanyar. Da hannuna na jawo masa.

Don Allah, Hajiyoyi, ku ji ni da kyau. Yaro ya sha maganin wanki, kananzir ko ƙwayoyin kakarsa, kada ki sa shi amai. Babu manja, babu ruwan gishiri, babu ɗura madara. Goge masa baki, ɗauki robar abin da ya sha, ki kira 997 na Hilal Ahmar, wato hukumar agajin gaggawa, a turo motar asibiti. In yana zaune lafiya kina shakka, 937 na ma'aikatar lafiya suna amsawa dare da rana. Kuma ku daina juye kayan wanki a gorar ruwa! Ni tun daga ranar na sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, yana saman kabad, makullin yana ɗaure a gefen zanena. Wanda ya sam mini abu a gora, a gabansa nake mayar masa.

Na biyu shi ne maganin zazzaɓi. Sau nawa uwa za ta ce mini, "Yaya, na ba shi Adol bai sauka ba, na ƙara masa Fevadol, babansa kuma ya kawo Panadol." Baiwar Allah, duk ukun farasitamol ne, kwali ne ya bambanta. Kin ninka masa magani ɗaya sau uku, hantarsa ce za ta ɗauki nauyin, kuma illar ba ta nunawa a ranar farko, shi ya sa ake sakankancewa. Da nauyin yaro ake auna shi, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kada a wuce sau 4 a awa 24. Cokalin shayi ba ma'auni ba ne, a yi amfani da sirinjin da ke cikin kwalin. Ni a jikin kwalin nake rubuta lokacin da na bayar, don uwa mai kwanan zaune ba ta da lissafi. Jariri kuwa da bai kai wata 3 ba, in zafinsa ya kai 38, asibiti kai tsaye. Haka yaro mai sikila, wadda ba baƙuwa ba ce a gidajenmu, zazzaɓinsa ba ya jiran wayewar gari.

Sauran a gurguje. Shayi ko gahawa ya zubo wa yaro, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ruwan famfo mai ɗan sanyi minti 20, in na tanki ya yi zafi da rana a ɗebo na gora. Zuma ba ta shiga bakin wanda bai shekara ba. Kwallin gargajiya a idon jariri ku bari, da yawansa akwai dalma a ciki. Malamai maza, barin yaro a mota don "yanzu zan fito" a zafin Makka ganganci ne da rai. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in yaro ya haɗiye, kada a jira ya fito a kashi.

Sai dubiya. Zumuncinmu abin alfahari ne, ni ma da shi na rayu a kwana goma sha ɗayan nan. Amma mutum goma sha biyar a kan gadon yaro ɗaya, wata da tari, wata da goyo, cutarwa ce. Kwanaki ma sai da na karɓe kofin kunu daga hannun wata dattijuwa, tana shirin ba jikanta da aka hana ci saboda za a shiga da shi tiyata da safe. Ta ji haushina har kwana uku. Yanzu a unguwarmu ni nake raba zuwan, mutum biyu yau, biyu gobe, sauran su dafa wa yaran da aka bari a gida abinci.