Yadda za ki zaɓi wanda zai duba damuwarki, da yadda za ki shirya wa zaman farko

Mutum uku na raka da ƙafata wajen likitan ƙwaƙwalwa a 'yan shekarun nan, ni ce ta huɗu, kuma biyu a cikinsu daga zaman farko ba su ƙara komawa ba. Abin yana min ciwo har yau, saboda na san wahalar da aka sha kafin su yarda su je, sai kuma aka shiga ɗakin aka fito ba a faɗi abin da ya kawo mutum ba. Da mata nake magana don su na fi raka wa, amma maza ku ma ku karanta, naku ɓoyon ya ma fi namu.

Da farko dai ki san wa kike nema, don mutane suna haɗa su duka su ce likitan mahaukata. Saikayatris cikakken likita ne da ya gama karatun likitanci sannan ya ƙware a ɓangaren ƙwaƙwalwa, shi ne mai rubuta magani. Saikolojis na asibiti shi aikinsa zama da ke ku yi magana, ya koya miki yadda za ki kama tunanin da ke dagula ki, ba ya rubuta ƙwaya. Sai kawunsila, masu ba da shawara kan aure, makaranta, rashi da makamantansu. Ni dokata ita ce, in barci ya ƙaurace miki sati da sati, abinci ba ya shiga, ko kina jin magana a kunne ba kowa, ko akwai shan tiramadol ko kodin a ciki, toh ki fara da likita kawai, kar ki tsaya zagaye. Dalili kuwa, ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini ma suna kawo faɗuwar gaba da kasala, likita ne zai sa a yi gwajin jini a tabbatar. In kuma rikicin gida ne ko rasuwa ta tsaya miki a rai ko fargaba, mai zaman magana ya isa a fara da shi, in ya ga abin ya wuce nan shi da kansa zai tura ki.

Wurin zuwa akwai. A Kano ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ga sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, Kaduna akwai na Barnawa, Sakkwato na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya, Zariya kuma Shika. In kina jin nauyin a gan ki kin shiga Dawanau ko Barnawa, wanda na san mutane da yawa abin da ke hana su kenan, ki je asibitin koyarwa, can sashen yana cikin sauran sassa ne, wanda ya gan ki a ƙofa bai san ko ciwon ido ya kawo ki ba. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, sai dai layi, ki yi sammako ki yanki kati da wuri, ki tafi da ruwa da ɗan abin taɓawa. In asibitin kuɗi za ki, tun a waya ki tambayi nawa ne zama ɗaya, minti nawa ne, kuma zama nawa yake ganin za a yi, saboda gara ki zaɓi wanda aljihunki zai iya ɗauka wata uku da ki je wajen mai tsada sau ɗaya ki tsaya.

Su kuma waɗannan na Instagram da TikTok, akwai na ƙwarai a ciki amma sai kin tace. Ki tambaye shi kai tsaye a ina ya yi karatu, me ya karanta, a wane asibiti yake aiki ko ya taɓa aiki, in ya ce shi likita ne yana da rajista da hukumar likitoci ta MDCN? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Duk wanda ya ce zai warkar da ke cikin kwana uku, ko ya haɗa miki da sayen wani gari ko mai, ko kika ga yana ɗora hirarsa da mutane a shafinsa ko da ya goge suna, ki bar shi. Sannan dan Allah ki nemi mai jin Hausa in da hali, ko da kin iya turanci, don ranar da kuka ya zo miki ba da turanci zai zo ba. In da mace za ki fi sakewa ki ce mace kike so, ba laifi bane. Kar ki zaɓi ɗan uwa ko maƙwabciya ko ƙawar yayarki komai ƙwarewarta, bakinki ba zai buɗe ba. Batun addini kuma, wanda zai ce miki rashin tawakkali ne ke damunki bai dace da ke ba, wanda zai raina addu'arki shi ma haka, ana yin ruƙiyya ana zuwa asibiti, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Toh yanzu ga inda ake faɗuwa. Wata ƙanwata da na raka, mun je har da mahaifiyarta, muka shiga mu uku. Likita ya juya ya ce mata me ke damunki, kafin ta ɗago kai Mama ta ce ai lafiyarta ƙalau likita, barci ne kawai ba ta samu. Duk tambayar da aka yi Mama ce ta amsa, ita kuwa yarinyar kanta a ƙasa tana murza bakin hijabinta har aka gama, ni na san abin da ke cinta maganar auren da ake shirin yi mata ne, amma ta yaya za ta faɗa a gaban wadda ta haɗa auren? Ni ma da na je bayan haihuwata ta biyu, wata huɗu ina kuka a banɗaki ba wanda ya sani, aka ce ya gida na ce Alhamdulillahi, me ya kawo ki na ce ciwon kai. Haka aka rene mu, ko wuta ke cin mutum in aka gaishe shi sai ya ce lafiya lau, kuma shi likita ba gaibu ya sani ba, abin da kika faɗa da shi zai yi aiki.

Don haka sati guda kafin ranar ki samu takarda, ni na fi son takarda a kan waya don waya sai saƙo ya shigo ya ɗauke miki hankali. Ki rubuta yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, haihuwa ce ko saki ko rasuwa ko kishiya ko rasa aiki. Kullum da safe ki rubuta ƙarfe nawa kika yi barci, ƙarfe nawa kika farka, kin ci abinci ko a'a, kin yi kuka, me kika daina yi wanda da kike jin daɗinsa. Ki tambaya a hankali ko a dangi akwai wanda ya taɓa irin wannan. Duk maganin da kike sha ki zuba kwalayen a leda ki tafi da su, har na gargajiya da na islamik kemis da na barcin da kike saya a kemis ba tare da takarda ba, kar ki ɓoye ko ɗaya. Sannan abin nan da ya fi miki nauyin faɗa, wanda kike cewa sai dai ki mutu da shi a ciki, shi za ki sa a layin farko na takardar. In kin shiga bakinki ya ƙi buɗuwa ki miƙa takardar kawai ki ce likita karanta, ni haka na yi a zuwana na biyu, kuma daga ranar aka fara aikin gaske.

Ɗan rakiya yana da amfani, yana tuna abin da kika manta, amma dole ki samu lokacinki ke kaɗai. In kina jin nauyin ce wa Mama ko maigida su fita, lokacin da kike miƙa kati ki raɗa wa nas ɗin cewa kina son ganin likita ke kaɗai, su sun san yadda za su ce Hajiya ɗan ba mu wuri ba tare da ran kowa ya ɓaci ba. Da kin zauna ki tambaya wa zai ga fayil ɗinki, me za a iya faɗa wa 'yan gida. Sirrinki haƙƙinki ne, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙara ƙarfafa haƙƙin marar lafiya, sai dai in ana tsoron za ki cutar da kanki ko wani, nan kam za a sanar da wanda zai kula da ke. Za a tambaye ki ko kin taɓa tunanin kashe kanki, kowa ake tambaya, ki faɗi gaskiya. In kuma yanzu haka tunanin yana zuwa miki kar ki jira ranar da aka ba ki, ki faɗa wa wani na kusa ku tafi sashen gaggawa yau ɗin nan.

Ki kuma tafi da buƙata ɗaya ƙarama da za ki iya faɗa a jimla guda, kamar ina so in riƙa barci, ko ina so in daina yi wa yarana tsawa.

Zaman farko yawanci tambayoyi ne, minti 45 zuwa awa ɗaya, a na gwamnati zai iya gaza haka in mutane sun yi yawa, kuma kina iya fitowa jikinki a mace saboda an taɓo tsohon miki, kar ki ce bai yi ba. In an ba ki maganin damuwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin ki ji canji sosai, kar ki yanke shi da kanki, in ya sa ki jiri ko yawan barci ki koma ki faɗa. Ni ina cewa a ba mutum zama uku, in har lokacin kina jin yana yanke miki hukunci ko ba ya sauraro ki canza wani. Kafin ki bar asibitin ki tabbatar an rubuta miki ranar dawowa a jikin katinki, ki ware kuɗin motar ranar tun yanzu ki ajiye shi daban.