Yadda ake gane ginin da ya kusa rushewa

Ina ɗan shekara 14 na fara ɗaukar kwanon kwaɓi a bayan mahaifina, yau kuma na haura shekara 30 da cokalin gini a hannuna a nan Kano. A duk wuraren da na je bayan gini ya rufta, da wuya ka rasa maƙwabcin da zai ce maka, "Ai dama mun daɗe muna ganin tsaga." Tun ranar 12 ga Yuli 2024, da benen makarantar Saints Academy ya faɗo wa ɗalibai a unguwar Busa Buji a Jos, aka rasa rayuka 22, na daina haɗiye abin da na sani. Ga yadda nake duba gida idan an kira ni, ko mai haya ne, ko mai saye, ko wanda ya gada.

Kada ka fara da shiga ciki. Tsaya a waje, ka nemi dattijon da ya fi daɗewa a layin ka tambaye shi: me ke wurin nan kafin a yi gini? Kano cike take da kududdufai da aka cike da shara aka yanka fuloti. Ƙasar juji takan yi shekaru tana zama, kuma ba ta zama daidai. Gefe ɗaya kan riga ɗaya nutsewa, ginin ya bi ta. Daga nan ka zagaya gindin katanga. Ina ruwan indararo yake zuba? Kwata tana bin jikin bango? An haƙa shadda ko rijiya dab da fandisho? Ruwa shi ne babban abokin gabar gini, na ƙasa da na siminti. Idan ka ga gindin bango ya yi duhu, filasta tana kumbura, ko farin gishiri yana fitowa kamar kanwa, danshi ya riga ya shiga.

Sai batun tsaga, wanda a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Akwai siririya kamar gashi, mai yaɗuwa kamar saƙar gizo-gizo a fuskar filasta. Wannan yawanci ta bushewa ce, ba ta wuce fata ba. Wadda nake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta nufi sama, ko mai bin layin bulo tana hawa kamar matakalar bene. Irin wannan daga ƙasa maganarta take, fandisho ne ke motsi. Ka duba ko ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa. Ka shiga ɗakin ka ga ko ta ɓullo ta ciki a daidai wurin; idan ta ratsa bango gaba da baya, ba aikin mai filasta ba ne.

Ma'aunina mai sauƙi ne. Tsagar da tsinken ashana ya shige ta, a sa mata ido. Wadda ƙaramin yatsa ya shige ta, a nemo injiniya, kuma kada kowa ya kwana a ƙarƙashinta kafin ya zo. Sa ido kuwa ba kallo ba ne kawai. Kwaɓa siminti ɗan kaɗan kamar faɗin tafin hannu, ka shafe shi siriri a kan tsagar, ka ja layi da fensir a inda ta ƙare, ka rubuta kwanan wata. Ka dawo bayan mako 2. Idan shafen ya tsage, ko tsagar ta wuce layinka, ginin yana tafiya. Tsaga mai tafiya ko siririya ce ta fi tsohuwa mai faɗi da ta tsaya haɗari.

Ƙofa da taga ma suna ba da shaida. Ƙyauren da bara yake rufuwa lafiya, bana sai an sa kafaɗa, a tambayi dalili. Na katako kan kumbura da damina, amma na ƙarfe ba shi da wannan uzuri. Bango kuma, ɗaure dutse a igiya ka sako shi daga sama, ka ga ko ya sunkuya ko ya yi ciki.

Idan bene ne, fila (ginshiƙi) da dakin (rufin kankare) su ne rayuwarsa. Ɗaga kai ka dubi ƙasan dakin: ya yi ciki a tsakiya? Akwai jan tabon tsatsa? Kankare ya ɓare har rodi ya fito? Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya fasa kankaren da ke rufe da shi daga ciki, ruwa ya ƙara samun hanya. Ɗauki ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa fila. Kankare mai kyau ƙara yake yi a tsaye, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ganga. Ka karce bulo da ƙusa. Idan yashi ya zubo kamar garin kwaki, an yi rowar siminti. Tsaga a jikin fila kuwa, kowace iri ce, ba na yi mata uzuri.

Tambayar da ba na tsallakewa: hawa nawa aka zana, hawa nawa aka gina? Fandishon da aka yi wa gidan da ba bene ba ba zai ɗauki hawa biyu don mai shi ya samu kuɗi ba. Haka rushe bangon tsakiya don a faɗaɗa shago, ko ɗora manyan tankunan ruwa a saman dakin. Tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur. A sabon gini kuma, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, yana buƙatar ban ruwa aƙalla kwana 7, kuma gaggawar cire tokara ta sha kashe leburori. Ba mu manta benen da ake ginawa da ya rufta a titin Beirut a nan Kano cikin watan Agusta 2022 ba.

Ginin ƙasa nasa hukuncin daban, kuma ina girmama shi, don soron da aka kula da shi yakan ga jikoki. A nan azara ake dubawa. Soka mata wuƙa a inda ta shiga bango. Idan ta shige ba wuya, gara ta gama da ita. Ka hau sama kafin damina ka ga ko daɓe ya tsage, ko ciyawa ta toshe indararo. Katangar da gindinta ya zaizaye ya fi samanta siranta, ruwan malka na kwana biyu ya ishe ta.

In ka ga waɗannan alamu, gaya wa mai gida a gaban shaida. Idan ya ƙi ji, ka je wurin mai unguwa, sannan hukumar tsara birane ta KNUPDA, wadda ita ke amincewa da zanen gini a Kano. Kowace jiha tana da irin tata. Tun 2006 Najeriya take da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Injiniyan da za ka kira ya zama mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ka nemi ganin shaidarsa. Ni magini ne, ina gane ciwo, amma lissafin nauyi nasa ne. Ginin da hukuma ta shafa wa jan fenti kuwa, kada arahar haya ta ja ka ciki.

Akwai alamun da ba a jiran kowa: ƙarar ƙas-ƙas a bango ko rufi, yashi yana zubowa daga sama haka kawai, tsaga ta buɗe a yini ɗaya. A fitar da yara, a bar kaya.

Wata damina aka kira ni wani gida a cikin birni in shafe tsaga. Na tarar da wata tsohuwa da jikokinta uku suna kwana a ɗakin, hannuna kuma yana shiga tsagar har wuyansa. Na ce wa mai gidan, "Alhaji, wallahi ba zan shafe wannan ba, sai dai a rushe bangon a sake." Ya ce tsada nake nema. Na juya wurin tsohuwar na ce, "Inna, don Allah ku koma zaure yau ɗin nan." Ta ce, "To, ɗan nan." Da hannuna na kama musu katifa da kwanuka. Bayan kwana 9, da asuba ana ruwa, bangon ya kwanta a daidai inda tabarmar yaran take.