Kurakuran Da Ake Ta Maimaitawa Wajen Sayen Talabijin Don Wasan Kwamfuta

Mutum zai zuba kuɗi ya haɗa kwamfuta mai ƙarfi, ya je shago ya ɗauko talabijin mai inci 55 don kawai ta cika masa ido, ya jona, sannan ya fara ƙorafi wai wasan yana masa nauyi a hannu. Sau da yawa kwamfutar ba ta da laifi ko kaɗan.

Talabijin don kallon fim da ƙwallo aka ƙera ta. Kafin ta nuna hoton da aka aiko mata sai ta tsaya ta yi masa kwalliya: ta gyara launi, ta share dishi-dishi, har ta ƙirƙiri hotunan da babu su ta cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. Duk wannan lokaci yake ci. A talabijin da yawa, tsakanin ka danna maɓalli da ka ga abin ya faru a allo yakan kai milisakan 100, wato kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A fim wannan ba ya damun kowa, amma a wasan harbi ko tseren mota, kafin ka ga abokin gaba ya riga ya gama da kai. Maganin yana cikin rimot: ka kunna Game Mode, wato saitin wasa da ke kashe wannan kwalliyar, jinkirin ya sauko zuwa tsakanin milisakan 10 da 20 a talabijin mai kyau. Ka duba a kan ramin HDMI ɗin da ka jona kwamfutar, domin yawanci kowane rami da nasa saitin. Talabijin da ba ta da Game Mode kuwa, ka bar wa mai shago kayansa komai arharta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne lambar da ake bugawa a jikin kwali. Za ka ga an rubuta Motion Rate 120 a Samsung, ko TruMotion a LG, ko Motionflow a Sony, ka ɗauka allon yana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa. Ina! Sunayen talla ne na dabarun santsin motsi, kuma sau tari allon da ke ciki 60Hz ne tsurarsa, wato sau 60 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa. Mafi muni, dabarar da ka biya kuɗi dominta ita ce Game Mode ke kashewa. Haba jama'a, wayar hannu ma sai kun bincika kafin ku saya, sai talabijin ce za ku ɗauka da maganar kwali? Ni dai ƙa'idata ita ce in karanta lambar samfurin da ke maƙale a bayan talabijin, in nemo bayaninta a shafin kamfanin, in ga ainihin saurin allon. Bambancin ba ƙarami ba ne: a 60Hz kowane hoto yana zama milisakan 16.7, a 120Hz kuwa 8.3.

Ko allon 120Hz ne na gaske, ba za ka samu 4K, wato hoto mai ɗigo miliyan 8.3, a wannan saurin ba sai abu uku sun haɗu. Katin hoton kwamfutar ya zama mai HDMI 2.1, wato daga jerin RTX 30 na Nvidia ko RX 6000 na AMD zuwa sama. Wayar HDMI ɗin da ke haɗa kwamfutar da talabijin ta zama mai tambarin Ultra High Speed, wadda ke ɗaukar 48Gbps, domin HDMI 2.0 a 18Gbps ta tsaya, iyakarta 4K a 60Hz. Sannan ramin: talabijin da yawa masu ramuka huɗu, biyu ne kawai 2.1, don haka ka karanta rubutun da ke gefen kowane. In allo yana ɗaukewa ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, wayar HDMI za ka fara zargi. Bayan ka jona, ka shiga saitin talabijin ka kunna Input Signal Plus a Samsung ko HDMI Deep Colour a LG, ka kuma shiga Advanced display a Windows ka zaɓi 120Hz da hannunka, don ba kullum yake zaɓa da kansa ba.

In rubutu ya fito da jaja-jaja a gefen haruffa, talabijin ce ke rage bayanin launi. Ka sauya sunan ramin zuwa PC, ta koma 4:4:4, wato cikakken bayanin launi, haruffa su fito tas. In gefen allo ya yanke har maɓallin Start ya ɓuya, ka zaɓi Just Scan ko Fit to Screen.

Kada ka manta 4K ya ninka 1080p sau huɗu, ɗigon hoto miliyan 8.3 ke nan. Ƙaramin kati irin GTX 1650 ba zai ja sababbin wasanni a haka ba. A kan tebur ba na wuce inci 43, fiye da haka wuyanka ne zai biya. Masu inci 32 na arha kuma yawancinsu 1366x768 ne, ko 1080p ba su kai ba. In talabijin mai nau'in allon OLED ka saya, ka ɓoye sandar ƙasa ta Windows, don hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan bar tabo a allo.