Yadda ake duba lafiyar tsohon kuɗi kafin a yi masa farashi

Yawancin masu fito da anini, kwabo da sule daga adakar kakanni su kawo kasuwar Gusau ko ta Jega, sun riga sun lalata kuɗinsu tun daga gida. Sun goge da toka, ko lemun tsami, ko man goge ƙarfe na Brasso, wai don ya yi ƙyalli. Mai tara tsofaffin kuɗi ya fi son sule mai duhun tsufa a kan wanda aka wanke, domin abin da gogewa ta cinye ba ya dawowa. Saboda haka ka ajiye soso tukuna.

Shimfiɗa tsumma mai laushi kusa da taga, ka riƙe kuɗin ta gefe, kada yatsa ya hau fuskarsa. Gilashin ƙara girma mai ninki 10 ya isa, irin na masu gyaran agogo, ba shi da tsada.

Fara da shekara da ƙarfe. Sule da dala (sule biyu) masu bishiyar kwakwar manja, na 1913 zuwa 1919, azurfa ce. Daga 1920 aka koma jan gaci mai ruwan ɗorawa. Sulen azurfa na da nauyin giram 5.65, dala 11.3. Ka roƙi masu sayen zinariya su ɗora maka a ma'auninsu. Ɗan ragi kaɗan aikin yawo ne, amma in ya kai rabin giram, ka yi shakka. Ka nemi ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antun buga kuɗi na Birmingham a Ingila ce, kuma shekara ɗaya takan bambanta a daraja saboda shi.

Yanzu ga inda sabbin shiga ke faɗuwa: rarrabe sheƙin asali da na gogewa. Karkata kuɗin a hankali a gaban haske. Wanda bai yi yawo ba, hasken zai riƙa zagaya fuskarsa kamar hannun agogo. Wanda aka goge kuwa, ƙyallinsa a kwance yake kamar cokali, kuma a gilashi za ka ga siraran zane-zane sun bi hanya guda, ga baƙin datti ya maƙale a lungun haruffa alhali fili fes. Lemun tsami da tsamiya ba sa barin zane, amma suna barin fuskar fari fat, ba rai, wani lokaci da ƙananan ramuka. Idan kan sarki ya suɗe amma kuɗin na walƙiya, an wanke, ko mai shi ya rantse.

Sai ka duba tudu, wato inda zane ya fi tasowa, domin can hannu ke fara ci. A sulen Sarki Joji na biyar, kalli duwatsun kambi, gemu da kunne. A baya, ganyen kwakwa. Kwabo da anini masu huda ba su da hoton kowa, sai ka bi kambin da ke saman hudar, rubutun Larabci, da layukan tauraro mai tsini shida. Rubutu kaɗai ake karantawa, hoto ya zama inuwa: matakin ƙasa. Gemu ya haɗe amma kambi na nan: matsakaici. Tsinin tudu kawai ya ɗan lafe, da sauran sheƙi tsakanin haruffa: mai kyau ƙwarai. 'Yan Amurka na auna wannan da lamba 1 zuwa 70, kuma 60 zuwa sama na wanda bai taɓa shiga kasuwa ba ne. Irinsa da wuya ya fito daga adaka. Fuskar da ta fi lalacewa ita ke yanke hukunci.

Liyarin Mariya Tariza, kuɗin azurfa na Ostiriya da matan Fulani ke ado da shi, kada shekarar 1780 ta ruɗe ka; an ci gaba da buga shi da wannan shekara har bayan ƙarni biyu. Nauyinsa giram 28. Duba gefensa ko maƙeri ya taɓa liƙa masa kunne ya kankare, ko an toshe huda. In haka ne, farashin azurfarsa kawai za a biya.

Koren tsatsa mai gari a kan kwabo ciwo ne, ware shi daga sauran. Kowane kuɗi ambulan takarda nasa, ka rubuta shekara da mataki a baya. Ban da leda, ban da zuba su tare a gwangwani, musamman da damina.