Babi na Shida: Tallar Kaya a Waya, da Mahaɗin da Zai Kawo Mai Saye

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana ɗalibai. A babin da ya wuce kun koyi ajiye lamba da tura saƙo. Yanzu za mu koyi tallar kayan sana'a a WhatsApp da Facebook. Kowa ya ɗauko wayarsa da littafinsa da biro. Wanda wayarsa ba ta shiga WhatsApp ya matsa kusa da wanda tasa ke shiga, ya yi nasa aikin a takarda. Duk abin da za mu rubuta a waya, a takarda za mu fara rubuta shi.

Darasi na 1: Mene ne mahaɗi?

Mahaɗi, wanda yara ke ce wa linki, ɗan gajeren rubutu ne da idan mutum ya taɓa shi da yatsa zai kai shi wani wuri a intanet. Wanda za mu yi yau zai kai mai saye cikin WhatsApp ɗinku kai tsaye, ba sai ya ajiye lambarku ba. Mai albasa a Aliero, mai busasshen kifi a Yauri, mai shinkafa a Argungu, matar da ke soya ƙuli-ƙuli cikin gida a Birnin Kebbi, duk kuna bukatarsa. Mutumin Legas ya ga hoton kayanku ya yi sha'awa, amma idan sai ya nemi biro ya kwafi lamba ya ajiye kafin ya yi muku magana, yawanci wucewa zai yi. Idan akwai mahaɗi, taɓawa ɗaya ce.

Darasi na 2: Rubuta mahaɗi

Ku buɗe sabon shafi a littafinku. Ku rubuta lambar wayarku, wadda kuka buɗe WhatsApp da ita. Ba ta mai gida ba, ba ta yaro ba, ba ta ɗaya layin ba. Zan yi misali da wannan, kuma ba lambar kowa ba ce a cikinmu:

08001234567

Ku ƙirga taku. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce, kuma ta farko sifili ce. Ku ɗora yatsa a kan sifilin nan na farko. Kun gan shi? To ku ja masa layi da biro, ku soke shi. Na farko kaɗai. Idan akwai wasu sifilai a tsakiya ko a ƙarshe, ku bar su yadda suke, ba ruwanku da su. Abin da ya rage:

8001234567

Ku sake ƙirgawa da yatsunku, kowace lamba yatsa ɗaya. Idan yatsu goman hannuwanku suka ƙare daidai da lambobin, kun yi daidai. Idan lamba ɗaya ta rage ba ta sami yatsa ba, sifilin nan yana nan, ba ku cire shi ba.

Yanzu a gaban lambar, ta hannun hagu, ku rubuta 234. Wannan ita ce lambar ƙasarmu Najeriya. Kowace ƙasa da tata: Nijar 227, Benin 229. Shi ya sa idan mutanen Gaya ko Dosso suka kira 'yan'uwanmu na Kamba, sukan ga 227 a farkon lambar. Ita 234 ɗin nan gurbin sifili take shiga, su biyun ba sa zama tare. Sifilin kamar takalmi ne a ƙofar masallaci, a waje ake barin sa. Ga abin da muka samu:

2348001234567

Guda 13 ke nan: uku na ƙasa, goma naku. Ku ƙirga. Wanda ya sami 14 ya koma ya duba abin da ke bin bayan 4 ɗin farko. Idan sifili ne, ya soke shi. Bayan 234, lambar da za ta biyo 7 ce, ko 8, ko 9.

Saura kan mahaɗin. A gaban lambobin nan ku rubuta w, ku rubuta a, ku sa ɗigo, ku rubuta m, ku rubuta e, sannan ku ja karan nan da ya jingina zuwa dama, wato /. Duka da ƙananan baƙaƙe. Ga shi a haɗe:

wa.me/2348001234567

Shi ke nan mahaɗin. Ba alamar tarawa, ba tazara, ba ƙaramin layi tsakanin lambobi. Ku kwafe naku sau biyar a littafi, kuma kowane karo ku faɗa da baki a fili: na cire sifili, na sa 234. Kada ku ji kunya. Ko masu digiri suna tuntuɓe a nan, na gan su da idona. Sannu a hankali, Baba. Inna, ki sake ƙirgawa, ba gaggawa muke yi ba.

Darasi na 3: Shigar da shi waya

Ku buɗe WhatsApp, ku shiga wurin hira da wani na gida, ɗanku ko maƙwabci. Ku taɓa wurin rubutu. Ku riƙa duban littafinku kuna dannawa ɗaya bayan ɗaya. Idan za ku koma wajen lambobi, ku danna madannin da aka rubuta wa 123 a ƙasa ta hagu. Karan da ya jingina ma a can yake.

Waya takan yi shisshigi. Wani lokaci ta mayar da w babba, wani lokaci ta sa tazara bayan ɗigo ba tare da kun ce ta sa ba. Ku duba da kyau: idan akwai fili tsakanin ɗigo da m, ku goge filin. Sai kuma sifili da harafin o. Sun yi kama a ido, amma waya ba ta ɗauke su ɗaya ba. Sifili yana cikin lambobi, o yana cikin baƙaƙe.

Kafin ku tura, ku tsaya. Ku ɗora yatsa a kan 234. Me ke bin sa? Idan sifili ne, ku goge. Na san na faɗa, zan kuma ƙara faɗa, domin hannu ya saba fara lamba da sifili tun ranar da kuka sayi layi, kuma shi da kansa zai danna ba ku sani ba. Mutum ya cire shi tsaf a takarda, da ya zo waya sai ga shi ya dawo.

Yanzu ku tura. Idan rubutun ya canza launi, ya fita daban da sauran rubutu, waya ta gane mahaɗi ne. Amma canza launi ba shi ke nuna lambar daidai take ba, ko mai sifilin ma zai canza launi. Don haka ku ce wa wanda kuka tura wa ya taɓa a tasa wayar, a gabanku. Idan ya buɗo hira da ku, Alhamdu lillahi. Idan waya ta ce lambar ba ta kan WhatsApp, ku koma ga ƙirga: 13 ne ko 14?

Ina roƙonku, kada wanda ya ba yaro wayarsa ya ce ya yi masa. Wasunku haka kuke yi da zarar na juya baya, kuma ina gani. Yaron nan makaranta zai koma, ko ya tafi ci-rani, ya bar ku da waya a hannu kuna kallo. Ba don a yi muku kuka baro kasuwa da gona kuka zo kuka zauna a benci ba. Kuma wanda ya zo mini mako mai zuwa da sifili bayan 234, bayan duk wannan bayani, sai ya kwafe mahaɗinsa sau ashirin kafin ya tashi. Ba faɗa nake yi ba, amma abin yana damu na, saboda talla mai mataccen mahaɗi asarar data ce kawai. Mai saye ya taɓa bai buɗe ba, ba zai kira ya gaya muku ba.

Idan ya yi aiki, ba sai kun sake rubuta shi kullum ba. Ku ɗora yatsa a kansa ku riƙe har zaɓi ya fito, ku taɓa kalmar Copy, ko alamar takardu biyu ɗaya kan ɗaya. A inda kuke son sa shi, ku ɗora yatsa a wurin rubutu ku riƙe, ku taɓa kalmar Paste. Wanda aka gwada kaɗai ake kwafa.

Darasi na 4: Tsarin talla

Hoto ɗaya mai kyau ya isa. Ku goge idon kyamara da gefen riga, domin maiƙon hannu ke sa hoto ya yi hazo. Ku fito da kayan waje da safe ko da la'asar, ku juya wa rana baya. Ku shimfiɗa tabarma mai tsabta, ku kawar da bokiti da takalma daga bayan kayan. Idan shinkafa ce, ku buɗe bakin buhu ku ɗebo a tafin hannu a ga ƙwayar. Kada ku sa hoton kayan wani.

A ƙarƙashin hoton, layi huɗu gajeru, kowanne a layinsa:

Albasar Aliero, busasshiya, manya-manya
Buhu: naira ________
Wuri: Aliero, Jihar Kebbi
wa.me/234__________

Ku cike guraben da naku. Ku faɗi farashi a fili, masu cewa sai an yi musu magana a ɓoye suna korar mutane ne. Idan kuna son sunan kaya ya fito da kauri a WhatsApp, ku sa alamar tauraro a farkonsa da ƙarshensa, haka: *Albasa*. Gurbin mahaɗin can na ƙasa, lambobi goma ne za su shiga, ba goma sha ɗaya ba.

Darasi na 5: Amsa masu magana

Tallar da aka sa a Status, wato wurin da ake sa hoto a WhatsApp don mutane su gani, awa 24 take yi ta ɓace, sai a sake sawa. Wanda ya yi muku magana ku amsa a ranar. Ku fara da sallama, ku gode masa, ko da bai saya ba. Idan rubutu ya yi nauyi, ku danna alamar makirufo ku riƙe, ku yi magana.

Kada ku saki kaya don an turo muku hoton rasit, sai kun ga kuɗi a asusunku. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa ta saƙo, kada ku karanta wa kowa su, ko wane ne.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku rubuta talla ɗaya ta layi huɗu a littafinku. Ku tura mahaɗinku ga mutum biyu su gwada. Ku zo da littafin da wayar, a cike da caji, ranar darasi na gaba.