Kurakuran da aka fi yi wajen auna kangarar matasa a Fotugal da takardar tambayoyi

Kusan kowace shekara sai ɗaliban nazarin halayyar ɗan Adam a jami'o'in Lisbon, Porto da Coimbra sun ɗauki takardun tambayoyi sun shiga makarantu don auna kangarar matasa, kuma kurakuran bara su ne na bana. Abin ya kai ni maƙura, domin kusan duka ana iya kauce musu tun kafin a buga takarda ko ɗaya.

Wanda ya fi ɓarna shi ne tambayar "sau nawa ka aikata?" sannan a tara amsoshin wuri ɗaya a ce wannan shi ne makin yaro. Ɗauki yara biyu. Na farko ya shiga jirgin ƙasa na layin Sintra ba tikiti sau 80 a shekara, bai taɓa yin komai ba bayan haka. Na biyu ya zare wa wani wuƙa ya ƙwace waya sau ɗaya, ya fasa mota sau ɗaya, ya sayar da wiwi sau ɗaya. A lissafinka na farko yana da 80, na biyu 3. Ka ga ka mayar da mai ƙaramin laifi shugaban kangararru ke nan. Ga kuma mantuwa: babu yaron da ke riƙe adadin abin da ya yi a wata 12, sai dai ya cika maka 10, 20 ko 50 da ka.

Ni dai ba na tambayar adadi. Kowace tambaya e ko a'a ce, sannan a ƙirga ire-iren abubuwan da yaro ya aikata. A haka na farko zai samu 1, na biyu 3. Ma'aunin DBVS, wato takardar ƙirga ire-iren halayen kangara, da aka tsara wa matasan Fotugal aka wallafa a 2016 haka yake, tambayoyi 19 ne a kan shekarar da ta wuce. Amma fa idan amsoshinka 0 da 1 ne, wato a'a da e, kada ka yi musu lissafin Pearson, wanda aka saba auna alaƙa tsakanin amsoshi da shi, zai nuna maka alaƙar ta yi rauni fiye da yadda take. Yi amfani da lissafin tetirakorik, wanda aka tsara domin amsoshin e ko a'a. Makin ma ba ya bazuwa daidai, yawancin yara suna cunkushe ne a ƙasa, don haka gwajin da ke kwatanta matsakaicin maki zai iya ruɗar da kai.

Nan ne wasu ke yin abin da ke ƙona rai. Su ga tambayar makami ko ta fashi yara ƙalilan ne suka amsa e, su ga tana rage musu alfa ta Cronbach, wato lambar da ke nuna yadda tambayoyin suka dace da juna, sai su goge ta. Haba! Manyan laifuffuka dama ba kowa ke yin su ba, ƙarancinsu ai shi ne shaidar nauyinsu. Ka cire su, abin da ya rage maka ma'aunin ƙiriniya ne, fashin aji da yi wa iyaye ƙarya, amma ka rubuta a kan rahotonka cewa ka auna kangara. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar waɗanda ke cikin aji a matsayin matasan ƙasar baki ɗaya. Tun 2009 karatu ya zama dole a Fotugal har shekara 18, sai mutane suka ɗauka kowa na makaranta. Sunan yaro a rajista daban, zamansa a kan benci daban. Wanda kake nema ya fi kowa fashin makaranta, ranar da ka zo wataƙila yana waje. Ka koma ajin karo na biyu saboda waɗanda ba su zo ba. Ka haɗa da azuzuwan koyon sana'a, da na shirin PIEF na yaran da suka bar makaranta ko suke gab da bari, da makarantun TEIP da ke unguwannin marasa ƙarfi. Ka rubuta takardun izinin iyaye nawa ka raba, nawa suka dawo, domin gidajen da ke cikin rikici su ne ba sa mayarwa. Ka kuma tambayi shekarun haihuwa, saboda maimaita aji ya yi yawa a ƙasar, sai ka tarar da ɗan 16 zaune tare da 'yan 13.

Sai yanayin ɗakin kansa. Yara biyu a tebur ɗaya, gwiwa na taɓa gwiwa, malamar aji tana zagaye tana leƙen takardu: wa zai rubuta cewa ya taɓa sata? Raba su. Malama ta zauna a gaba, kada ta taɓa takarda. Kowane yaro ya sa tasa a ambulan ya liƙe ya jefa a kwali da hannunsa. Takardar izini mai suna kada ta haɗu da takardar amsa ko a jaka ɗaya. Izinin ma'aikatar ilimi ta tsarin MIME, wanda ke tantance binciken da za a yi a makarantu, kuwa a nema da wuri, kafin a yi wa makaranta alkawarin rana.

Akwai masu ɗauko fassarar takardar tambayoyi da aka yi a Birazil su raba a Braga ko Setúbal. Harshe ɗaya ne amma ba baki ɗaya ba: ɗan Fotugal "autocarro" yake cewa ba "ônibus" ba, "telemóvel" ba "celular" ba, "comboio" ba "trem" ba. Da zarar aji ya fashe da dariya, an daina amsawa da gaske. Gwada takardar da yara goma tukun, kowa ya faɗa maka da bakinsa abin da ya fahimta.

Kada a kira komai laifi. Tun 2001 riƙe ƙwaya daidai ta shan mutum ba ya kai shi kotun laifi a Fotugal. Sayar wa ɗan ƙasa da 18 kowace irin barasa an hana shi ne a 2015, don haka kwatanta amsoshin ɗan 16 na kafin lokacin da na bayansa yana buƙatar hattara. Daga shekara 12 zuwa 16 dokar tarbiyya ta 1999 ce ke aiki, hukuncin laifi sai daga 16.

Tambayoyi biyar na ɗabi'a da ke cikin SDQ, takardar auna ƙarfi da matsalolin halayyar yara, ba su isa auna kangara ba. Kafin a ce maza sun fi mata, a tabbatar tambayoyin suna aiki iri ɗaya ga kowane ɓangare. A saka sunan ƙwayar da babu ita a duniya, kamar yadda ESPAD, binciken shaye-shaye a makarantun Turai, ke yi, duk wanda ya ce ya sha ta a ware takardarsa a sake duba ta.